Likita Ya Ce Ta Miƙe Ƙafa

A Likoro, har yau in aka ga ƙanwata Saratu tana jan ƙafarta ta dama zuwa rijiya, sai a girgiza kai a ce haka Allah ya so. Ni Talatu, yayarta, na gaji da jin wannan magana. Ba Allah ne ya kwance mata ɗaurin asibiti ba. Mutane ne suka sa ta kwance shi, kuma har gobe suna zaune a bencin gaba a majami'a ana ce musu dattawa. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, domin duk mai majinyacin gwiwa a ɗaki ya san abin da zai tsare, da wanda zai tsare wa.

Mu 'yan wajen Janfalan ne, iyayenmu sun daɗe da rasuwa. Ni ina aure a Makarfi, ina sarin mazarƙwaila. Saratu kuwa aka kai ta Likoro gidan Baba Dogo, tana auren ɗansa Bulus, suna da yara biyu. Baba Dogo dattijon majami'a ne, mutum mai son a san girmansa. Abin alfaharinsa a duniya shi ne ba a gaishe shi a tsaye, kuma ba a zama gabansa da ƙafa a miƙe. Saratu ta dace da gidan, don ita tun tana yarinya kunya ta yi mata yawa. Ko an taka ta, ita ce za ta ba da haƙuri.

Da kaka abin ya fara, ana yankan dawa, a shekarun nan da soja suke koya mana bin layi da bulala. Ta kai wa mazan gidan abinci gona, ta tarar da Baba zaune a gindin aduwa, ta durƙusa ta ajiye masa kwano. Ashe a kan ƙaya ta durƙusa. Ƙayar ta shige ta gefen ƙoƙon gwiwa. Da wata mace ce, da ta yi ƙara ta zabura, amma Saratu ta cije. Baba kuwa ba ya gajeriyar gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi awaki, ya tambayi abin da ya sa abinci ya yi latti, duk tana durƙushe a kan ƙayar tana amsawa. Sai da ya sallame ta, ta koma bayan kara ta zare. Tsinin ya karye a ciki.

Makon farko gwiwa ta kumbura ta yi zafi, zazzaɓi ya rufe ta. Mutanen gida suka ce targaɗe ne, aka kira mai ɗori ya ja ƙafar ya murɗe, har ta suma. Da kumburi ya ƙaru aka ce a'a, sanyi ne, aka shiga gasa wurin da ruwan zafi safe da yamma. Wata ta kawo man shanu da kanwa. Wani ya ce jifa aka yi mata. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho, ya fitar da jinin da ba shi da laifi. Baba ya ce duk ba wannan ba, addu'a ce ta yi ƙaranci a ɗakin. Kowa ya kawo nasa ilmi, amma ba wanda ya tuna tana da yaya a Makarfi. A kasuwa na ji, a bakin wata mai sayar da daddawa, wadda ta yi mini sannu tana zaton na sani.

Na bar kayana wajen maƙwabciya na kama hanya. Gwiwar da na tarar ta kai ƙaramar kabewa, fatar tana ƙyalli, ko inuwar hannu ba ta so a wurin. Saratu ta rame, leɓunanta sun bushe, amma da ta gan ni abin da ta fara cewa shi ne, “Yaya, kin sha hanya, a kawo miki ruwa?” Na ce a kawo mini Bulus.

Ba zan ɓoye ba, Bulus ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ba shi da baki sai na ubansa. Na ce masa gobe asibiti, ya ce sai ya tambayi Baba. Na ce ya tambaya, amma ya sani ko da izini ko babu, ƙanwata ba za ta sake kwana hannun mai ƙaho ba. Ranar dai Baba ya yarda, ina jin don ya ga ta fara sambatu, kada ta mutu masa a gida a yi da shi.

Ƙaramin asibitin da muka fara zuwa ba komai a cikinsa sai benci da ma'aikaci ɗaya. Ya duba, ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, mu wuce birni. Wanda bai yi jinya a wancan zamani ba ba zai gane ba. Mai ya yi wuya, kuɗin mota ya tashi, a hanya shinge bayan shinge, kowanne a sauke mu a duba buhu. A asibitin birni layin kati ya zagaye gini. Wani soja yana tsaye da bulala yana daidaita mutane. Bulus na goye da Saratu, na roƙi sojan ya dubi halinta, ya ce mini layi layi ne, ko gawa ce ta bi. Ranar ba mu ga likita ba. Da muka gan shi kuma, sai aka miƙo mana takarda. Allura babu, auduga babu, bandeji babu, safar hannun da za a taɓa ta da ita ma mu za mu sayo a kemis. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, mu kuwa namu aljihun aka zazzage. Dawar Bulus tun ba a sussuke ba aka sayar, jarina na mazarƙwaila ya bi bayanta.

Likitan saurayi ne siriri, ɗan kudancin Kaduna, idanunsa jawur don gajiya, kuma ba shi da daɗin baki ko kaɗan. Ya dubi tabon ƙaho da ƙunar ruwan zafi, ya ce, “Kun gama dafa ta, sannan kuka kawo mini.” Raina ya ɓaci. Ya soka sirinji ya zuƙo mugunya, ya ɗaga mana mu gani. Aka shiga da ita aka wanke gwiwar, aka fito da tsinin ƙayar, ɗan abu bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Washegari ya tsaya bakin gadon ya yi mana bayani, ni da Bulus. Na riƙe maganarsa don ban taɓa jin irinta ba. Ya ce, “Kun taɓa cin ƙafar saniya? Kun ga farin nan mai santsi a kan ƙashi, wanda yara ke gurgura? Guringuntsi ke nan. A gwiwa ƙashin cinya da na ƙwauri ne suka haɗu, kowanne da wannan santsin a bakinsa, don kada su ci juna. Akwai jaka da ta rufe su, cikinta ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Jijiyoyi sun ɗaure su gaba da baya da gefe, ƙoƙo ya tsare gaba. Kafaɗa da ƙugu suna juyawa ko'ina, kamar taɓarya cikin turmi. Gwiwa kuwa aikinta biyu ne, ta miƙe ta lanƙwashe. To ƙaya ta huda jakar, ƙwayar cuta ta shiga, mugunya ta fara cin santsin. Mun tsayar da ita, amma gwiwar tana da rauni.”

Sai aka yi mata makari na siminti, daga cinya zuwa dunduniya, ta baya kawai kamar indararo, aka kwantar da ƙafar a ciki aka naɗe da bandeji. Likitan ya dubi Bulus ido cikin ido ya ce, “Ka ji ni da kyau. In kun je gida, a bar ta ta miƙe ƙafa. Da barci, da zama, ko wa ya shigo. Za ta so ta lanƙwashe, don ta fi jin daɗi a haka, kada ku yarda. Gwiwa mai ciwo yadda aka bar ta haka take bushewa. In kumburi ya sauka ku dawo, mu da kanmu za mu koya mata lanƙwasawa kaɗan-kaɗan.” Aka sallame mu tun ba ta gama warwarewa ba, don akwai masu jiran gadon a ƙasa.

Na roƙi Bulus a kan hanya ya bar ni in wuce da ita Makarfi. Kun san amsar, sai ya tambayi Baba. Muka isa Likoro, aka shigar da ita ɗaki, muka koma ƙofar gida inda Baba yake zaune. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na kawo roƙona. Ya ce, “Mun gaza ne? Matar gidana ba ta jinya a gidan wani.” Sai ya juya ga ɗansa ya ce, “Me likitan ya ce?”

Bulus ya ce, “Baba, cewa ya yi a bar ta ta miƙe ƙafa.”

Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci. “Ta miƙe ƙafa? A gidan wa? Uwarku ta haife ku duka a gidan nan, har ta koma ga Ubangiji ba ta taɓa miƙe ƙafa ba. Yanzu likita ne zai ba surukata izini ta samu wuri?”

Na ce, “Baba, ba wannan miƙe ƙafar ake nufi ba. Ba sakewa ba ce, ba raini ba ne. Ƙafar ce kanta, ta nama da ƙashi, ake so ta zauna a miƙe cikin simintin.”

Ya ce, “Talatu, na ji Hausa tun ba a haife ki ba.”

In ka tambayi Baba Dogo yau, zai rantse maka bai taɓa cewa a kwance makarin ba. Gaskiya ne, bai faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ga abin da ya yi. Ya ce tunda addu'a ta yi ƙaranci, daga yanzu a ɗakin Saratu za a riƙa yin ta safe da ta yamma, shi da dattawa. Ɗakin ƙarami ne, gadon kara yana fuskantar ƙofa, duk wanda zai shigo tafin ƙafarta zai fara gani. Baba ya zo bakin ƙofa, ya yi salama, ya dubi ƙafar, ya tsaya. Bai shiga ba, bai koma ba. Ya yi gyaran murya. Dattawa na bayansa a rana suna jira. Saratu ta ja zane ta rufe ƙafar, ya sake gyaran murya. Ranar haka ya juya ya tafi ba a yi addu'ar ba, gida duka ya ɗauka surukar Baba ta hana shi shiga ɗaki. Da yamma da ya dawo, ta warware bandejin, ta zare ƙafar daga makari, ta tattaro ta da hannu biyu ta lanƙwashe. Sai ya shiga ya zauna.

Da farko ta ce kamar ranta zai fita. Amma da ƙafar ta zauna a lanƙwashe sai zugin ya lafa, daidai yadda likita ya faɗa. Baba ya lura fuskarta ta saki, ya ce wa dattawa, “Kun gani, ladabi ma magani ne.” In sun fita sai ta mayar da ƙafar cikin makari tana kuka. To amma ba Baba kaɗai ke shigowa ba. Jinya a ƙauye ba ta rasa 'yan dubiya. Baffan miji, kawun miji, yayan miji, tsofaffin unguwa, duk surukai ne, kowa sai an tanƙwashe masa. Tun tana kwancewa tana ɗaurawa har ta gaji. Bulus yana gani. Da ta tambaye shi, cewa ya yi ta yi haƙuri har baƙi su ragu.

Ni kuma nakan zo ranar da na samu mota, kuma kullum nakan aiko kafin in zo don a san abin da zan taho da shi. Sai in tarar da ƙafar a lulluɓe, makarin yana leƙowa daga ƙarƙashin zane, ta ce mini da sauƙi. Yadda take kwancewa don kunyarsu, haka take jingina shi don tsorona. Bayan Kirsimeti na zo ba sanarwa. Ina shiga tsakar gida na hango makarin a jingine bayan rumbu, kaza ta yi ƙwai a cikinsa.

Na faɗa ɗakin na yaye zanen. Ƙafar tana lanƙwashe, dunduniya ta kusa taɓa cinya. Kumburi ya sauka, cinyar ta tsotse. Na kama ƙwaurin na ja a hankali, ko motsi. Na shafa bayan gwiwar, na ji jijiyoyin sun ɗame kamar igiyar guga da ruwa a ciki. Na ce, “Saratu, tun yaushe?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaya, to yaya zan yi? Baba ne fa.”

Ban san lokacin da na fito ba. Baba na zaune ƙofar gida da mutanensa, na tsaya a kansa a tsaye, ban durƙusa ba, ban yi salama ba. Na ce masa ya nakasa mini ƙanwa. Na ce gaisuwarsa ta soka mata ƙaya, girmansa ya busar mata da gwiwa. Na ce Allahn da yake kira safe da yamma a ɗakin nan ya ga wanda ya tsaya bakin ƙofa yana gyaran murya. Na wanke shi tas, kuma ko yau aka mayar da ni wurin ba zan rage ko kalma ɗaya ba. Mutanen suka yi ta salati irin namu suna kiran sunan Yesu, ba don ƙafar ba, don mace ta yi wa dattijo magana a tsaye. Baba ya ce in fita masa daga gida. Bulus yana rakuɓe jikin bango kamar an jiƙa shi.

Har Makarfi aka kai ƙarata wajen fastonmu. Ya kira ni ya ce in je in ba da haƙuri. Na ce zan je ranar da ƙafar ta miƙe. Lokacin komawa asibiti ya zo ya wuce. Baba ya ce ba inda za a sake zuwa, ai ta warke, tunda ba ta kuka. Labari yana iso mini cewa Saratu da jan gindi take fita tsakar gida, a haka take tankaɗe, a haka take wanke-wanke, ana yaba mata ƙoƙari.

A nan zan gode wa mutum biyu. Mijina Yohanna, wanda bai taɓa ce mini in bar zancen gidan wasu ba. Da maƙwabcinmu Malam Isiyaku, direban motar rake, Musulmi, wanda ba abin da ya haɗa shi da Saratu sai jin labari ta katanga. Shi ya ce wa Yohanna ranar da zai kai kaya birni zai ratsa ta Likoro, in za mu iya fito da ita.

Da rana tsaka muka je, ba a ɓoye ba. Na tsaya daga waje tunda an kore ni, Yohanna ya yi gaisuwa ya faɗi abin da ya kawo mu. Baba ya ce in ta fita ba da yawunsa ba. Saratu ta jawo jiki har bakin zaure, ta ji komai. Bulus yana tsaye tsakaninta da ubansa, yana duban wannan yana duban wancan. Sai na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, ta ce wa Bulus, “Baban Markus, ɗauke ni.” Tun da aka yi aurensu ban taɓa jin ta roƙi wani abu a gaban mutane ba. Bulus ya sunkuya ya ɗauke ta, ya wuce ta gaban ubansa ya sa ta a gaban mota. Wannan guda ɗaya na rubuta masa a alherinsa.

Muka tarar ma'aikata suna yajin aiki. Muka rakuɓe gidan wata 'yar garinmu har aka buɗe, aka sake bin layi, aka sake sayen komai. Likitan nan dai muka samu. Ya dubi ƙafar, ya dubi Bulus, ya ce, “Ba kai na yi wa magana ba?” Bulus ya kasa ɗaga kai. Aka ɗauki hoton ƙashi, ya ɗaga shi a taga ya nuna mana. Ya ce a lafiyayyar gwiwa ana ganin fili tsakanin ƙasusuwan biyu, wurin santsin nan. A ta Saratu filin ya rufe, ƙashi na gogar ƙashi, jijiyoyin baya kuma sun gajarce don an daɗe ba a ja su ba.

Duk da haka ya gwada. Aka ɗaura mata igiya a ƙafa, aka rataya buhun yashi a ƙarshen gado, yana ja dare da rana. Mako bayan mako muna nan har zafin bazara ya shigo. Bayanta ya fara salewa don kwanciya. Akwai wata sista mai jiki, mai faɗa kamar ta ci mutum, amma ita ce take juya ta, ta shafa mata hoda, wani lokaci ta kawo mata kunu daga gidanta. Ban san garinsu ba, amma ina sa ta a addu'a. Ƙafar ta buɗe rabi, daga nan ta ƙi.

Ranar da likita ya zo da maganar ƙarshe, bai dubi Bulus ba, Saratu ya duba. Ya ce, “Gwiwar nan ta gama aiki. Abu biyu ne. Ko a bar ta haka, ki ƙare rayuwa da jan jiki. Ko in shiga in kankare bakin ƙasusuwan in haɗa su su zama ɗaya, a miƙe. Za ki taka, za ki yi tafiya, amma ba za ta sake lanƙwasuwa ba har abada. Ke za ki zaɓa.”

Saratu ta ce, “To likita, yaya zan riƙa gaida manya?”

Na ji kamar in kwaɗa mata mari, sai kuma hawaye suka zubo mini. Sistar nan ce ta amsa, ta ce, “Da baki ake gaisuwa, 'yar'uwa. Ki zaɓi tafiya.” Ta zaɓi tafiya. Bulus ya ba da jini. Yohanna ya sayar da kekensa, matan majami'armu suka yi karo-karo, Malam Isiyaku ya yi ta kai mu yana dawo da mu bai karɓi ko kwabo ba. Daga gidan Baba Dogo kuwa, ko gaisuwa ba a aiko ba.

A ɗakina ta yi damina, cikin siminti daga ƙugu har ƙasa. Da aka fasa shi ta fara koyon tafiya da sanduna biyu, sannan ɗaya. Ƙafar ta ɗan gajarce, sai da mai gyaran takalmi ya ƙara mata tsayi da taya. A nan na san aikin da gwiwa take yi mana ba mu gode mata. Tsuguno a bayan gida, sai da Yohanna ya huda kujera. Tuƙin tuwo, wanki, sunkuyawa a goya yaro, shiga mota, noma, duk da gwiwa ake yi. Mace mai ƙarfi wadda take ɗauko dami daga gona, ga ta tana koyon yadda za ta zauna a tabarma ba ta faɗi ba.

Don haka ku ji. Ƙaya ko ƙusa in ta shiga kusa da gaɓa, ba ƙaramin rauni ba ne, ko da bakin bai kai ƙwayar gero ba. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi ba ta mai ɗori ba ce, ba ta ƙaho ba ce, kuma ruwan zafi ba ya kashe abin da ke ciki. In likita ya ce a ajiye ƙafa a miƙe, ku sa mai baki ya zauna bakin ƙofa, wanda ba ya jin kunyar kowa. In an ga dama a juya gadon ya dubi bango. Wanda ba zai iya ganin tafin ƙafar majinyaci ba, ya yi dubiyarsa daga waje.

Da kaka ta zagayo Saratu ta ce za ta koma, saboda yaranta. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce ɗakinta ne. Na raka ta. Muka sauka a mota, tana tafe da sandarta tana jefa ƙafar gefe, Bulus na riƙe da kayanta. Baba Dogo yana inda muka bar shi, ƙofar gida, da mutanensa. Tun daga nesa na ce mata, “Ki gaishe shi a tsaye, kin ji ni?” Ta ce to.

Muna isa gabansa jikinta ya yi abin da ya saba. Ta saki sandar, ta tafi ƙasa a kan gwiwar hagu, ta dama ta ƙi bin ta, ta yi tangaɗi ta zube zaune a ƙasa. Ƙafar ta miƙe sambal, tafin takalmin taya yana duban Baba. Na ga ta kai hannu biyu ta kama cinyar tana ja, kamar yadda ta yi ta yi a ɗakin nan. Ƙafar ba ta motsa ba.

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, mun same ku lafiya? A yi mini gafara, ƙafar ce ba ta lanƙwasuwa.”

Baba ya daɗe yana kallon ƙafar. Na tsaya ina jira, don na ɗauka ko dutse ne a ƙirjinsa yau zai tsage. Sai ya gyara zama, ya ɗaga hannu ya ce, “Ba komai, 'yata. Na yafe miki.”

Mutanen wurin suka ce kai, dattijo akwai haƙuri. Na ɗauki sandar na sa mata a hannu, na ɗaga ta tsaye, na kakkaɓe mata zane. Ban gaishe shi ba ranar, kuma ban sake gaishe shi ba.